ALJANU, MAZAN JIYA DA MASU WA'AZIN ARZIKI: WANE LITTAFI YA CANCANCI LOKACIN ƊALIBI?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a tsakanin 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda suka fara jin ƙamshin kammala karatu, wai duk wanda ya san ciwon kansa ba ya ɓata lokaci a kan ƙagaggun labarai. A cewarsu, littattafan yaƙi da aljanu na yara ne da 'yan zaman kashe wando, su kuwa irin su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar ba a kaɗe musu ƙura sai jarrabawa ta matso, amma littattafan nan na Turanci masu koya wa mutum yadda zai yi kuɗi ko ya zama shugaba, su ne abincin mai hankali. Ni dai ban yarda ba. Tun da yake wannan mujalla tamu ta ba da filin faɗin ra'ayi, bari in baje nawa a faifai, wanda kuma ya ga na kauce hanya, ga fili ga mai doki, fitowa ta gaba tana nan tafe.

Ya kamata mai karatu ya san daga inda nake magana, domin kuwa inda mutum ya tsaya shi ke nuna masa abin da zai hango. Ni mutumin Kafanchan ne. Tun da layin dogo ya iso garinmu a shekarun 1920, aka yi mahaɗar da ta raba hanya zuwa Kaduna da Jos da Fatakwal, garin ya zama matattarar jama'a iri-iri. Ga Fantswam da Kaninkon, ga Bajju da Atyap da mutanen Kagoro da na Jaba, ga Hausawa da Fulani, ga kuma Ibo da Yarbawa da aikin jirgi da kasuwanci suka kawo. Kowa yana da harshen gidansu, amma da Hausa ake ciniki a kasuwa, da ita ake wa'azi a masallaci, da ita ake rera waƙa a majami'u da yawa, tun da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932. Saboda haka mu a wajenmu karatun Hausa ba kayan ƙabila ɗaya ba ne. Yana cikin 'yan abubuwa ƙalilan da muka haɗa hannu a kansu a yankin da ya sha ganin tashin hankali, daga na 1987 zuwa na 2011 da ya cinye kasuwar garin. In ƙannenmu suka daina karanta Hausa saboda an ce musu ɓata lokaci ne, ba ƙaramar asara muka yi ba.

Bari in fara da tsofaffin littattafai, waɗanda nake kira na mazan jiya. Kowane ɗalibin wannan sashe ya haddace tarihin: a 1933 Hukumar Fassara ta Zariya ƙarƙashin R. M. East ta shirya gasa, aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Muhammadu Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da East. Matsalarmu ke nan, mun haddace. Da yawa daga cikinmu sun san shekarar da aka buga littafi da jigonsa da salonsa kamar yadda malam ya ba da a takardar darasi, amma ba su taɓa zama sun karanta shi daga bango zuwa bango ba. Ni kam na karanta su, kuma ra'ayina shi ne har yau ba a yi wanda ya kama ƙafar Abubakar Imam wajen sarrafa jimla ba. Ku tuna fa bai wuce shekara 22 ba lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja, wato sa'an wasunmu ne, ƙanen wasunmu ma. Duk lokacin da Alhaji Imam ya haɗu da Malam Zurƙe ɗan Muhamman a wani sabon gari suka shiga yi wa juna ramuwar gayya, sai ka ji Hausa tana gudana kamar ruwan rafi, babu kalmar da ta zo a banza, babu wadda aka jawo da ƙarfi. Wanda yake son ya iya rubutu, ko da rubutun takardar neman aiki ne, can ya kamata ya je ya yi almajiranci.

To amma akwai ƙaya a cikin wannan furen, kuma ban ga dalilin da zai sa mu riƙa tsallake ta a aji ba. An rubuta waɗannan littattafai ne daga idon mutanen birni da fada, kuma a idon nan, mutanen da suke zaune a kan duwatsu da dazuzzukan kudu sau da yawa ba su da suna ko fuska, sai dai kalmar nan "arna" da ake cin karo da ita. A Shaihu Umar, harin neman bayi da aka kai ƙasar Gwari shi ne mafarin faɗuwar Makau, amma labarin ya bi Makau ne ya koma gida, bai tsaya ya tambayi halin da ƙauyen da aka afka wa ya shiga ba. Mai karatu a Kano ko Katsina yana iya wuce wannan shafi bai ji komai ba. Mai karatu a Zonkwa ko Kwoi ko Kagoro, wanda kakarsa ta ba shi labarin dalilin da ya sa kakanninsu suka hau dutse suka zauna, ba zai wuce haka nan ba. Na ga abokin karatuna a sakandare ya rufe irin wannan littafi ya ture shi gefe, ya ce shi ba zai karanta abin da ake zagin kakanninsa a ciki ba, kuma har muka gama bai sake ɗaukar littafin Hausa don nishaɗi ba.

Shin maganin abin shi ne a jefar da littattafan? A'a. Shaihu Umar ɗin nan dai shi ne ya fi kowane littafin Hausa da na sani nuna muguntar cinikin bayi. Uwar Umar ta bar gida tana neman ɗanta, aka yaudare ta, aka sayar da ita, ta ratsa hamada ta sha wuya har Tarabulus, kuma ba ta daɗe da ganinsa ba rai ya yi halinsa. Wanda ya karanta wannan bai ji zuciyarsa ta karaya ba, to a duba shi. Abin da nake so shi ne a karanta su da ido biyu, a bar ɗalibi ya faɗi inda ya ji zafi ba tare da an ce ya raina magabata ba. A kuma tuna masa cewa John Tafida, ɗaya daga cikin mutanen farko, Kirista ne daga Wusasa, kuma a 1982 Bature Gagare ya fito da Ƙarshen Alewa Ƙasa, inda ya ɗauko jaruminsa Mailoma daga cikin Maguzawa ya sa shi a tsakiyar fage. Rumbun ya fi faɗin abin da ake nuna mana.

Yanzu ga littattafan aljanu da yaƙi, waɗanda aka fi yi wa dariya. Abin da yake ba ni mamaki shi ne, mutumin da yake taɓe baki in ya ga yaro riƙe da littafin Abdul'aziz Sani Madakin Gini, shi ne kuma zai tashi a aji ya yabi Ganɗoki. To me ke cikin rabin Ganɗoki na biyu in ba yawo a ƙasashen aljanu da gwabza yaƙi da su ba? Da taimakon wa Alhaji Imam ya kai ga ruwan Bagaja? Su waye suke hira a Magana Jari Ce in ba aku da tsuntsaye da dabbobi ba? Tsofaffin littattafan namu da muke taƙama da su, mafi yawansu labaran al'ajabi ne, tsufa ne kawai ya sa musu rawani. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa asalinsa jarumin tatsuniyar Rasha ne, Iliya Muromets, shi ya sa za ka ji sunan sarki Waldima da birnin Kib, amma wa ya isa ya ce dokinsa Ƙwalele ba na Hausawa ba ne yanzu? A 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro Kilba ya haɗa shi da Kolin Koliyo suka yi sama a Tauraruwa Mai Wutsiya, a shekarar da Amurkawa suka taka wata. Ashe dai ba yau aka fara ba, kuma ba 'yan kasuwar Kano suka ƙirƙiro ba.

Na biyu kuma, waɗannan littattafai su suka yi aikin da darasin aji ya kasa. Na san samari a unguwarmu, masu gyaran babur da masu jiran shago, da suka bar makaranta da wuri, waɗanda ba don littattafan yaƙi da ake karɓa haya ana miƙa wa juna ba, da karatunsu ya tsere. Yaron da ya zauna ya cinye littafi na ɗaya har zuwa na huɗu don ya ga ko jarumi zai kuɓuta daga hannun boka, ya koyi zama wuri ɗaya, ya koyi bin dogon zance, ya tara kalmomi irin su sulke da kwalkwali da garkuwa da majaujawa, waɗanda ba zai ji su a tasha ba. A Ingila ma haka aka yi da Harry Potter, littattafai 7 daga 1997 zuwa 2007, yara suka riƙa bin layi cikin dare don su saya. Can aka ce marubuciyar ta dawo da yara kan karatu. Mu nan, a 2007 aka tara littattafan Hausa da aka ƙwace daga hannun ɗalibai a Kano aka cinna musu wuta, da sunan gyaran tarbiyya. Ko da yake na soyayya aka fi nufi a lokacin, hayaƙin ya shafi kowa, domin saƙon da yaro ya ɗauka shi ne littafin Hausa abin ɓoyewa ne a ƙarƙashin katifa.

Wannan ba ya nufin na wanke marubutan namu tas. Ina da ƙorafi a kansu, har guda biyu. Na farko shi ne ja da labari. Abin da zai ƙare a littafi ɗaya sai a miƙe shi zuwa biyar, kowane yaƙi ya fi na baya yawan gawa, kowane aljani ya fi na baya yawan kai, har abin ya daina ba da tsoro ya koma ba da dariya. In jarumi ba ya gajiya, ba ya kuskure, takobinsa ba ya dakushewa, to me zai sa gabana ya faɗi dominsa? Abin da ya sa labarin Tolkien ya daɗe shi ne ya ɗora kayan a kan ɗan ƙaramin mutum mai rauni, wanda a ƙarshe ma ya kasa jefar da zoben da kansa.

Ƙorafi na biyu ya fi ci mini rai. Kusan duk labaran suna faruwa ne a wasu birane masu sunayen Larabawa ko Farisawa, a wani zamani da ba a san shi ba, kamar dai Dare Dubu da Ɗaya ce kaɗai rijiyar da aka halatta a ɗebi ruwa a cikinta. Alhali ga mu zaune a kan taska. Daga Kafanchan in ka ɗaga kai dutsen Kagoro kake gani, da kogunansa da labaran maharbansa, waɗanda har yau ake tunawa da su a bikin Afan ranar 1 ga Janairu. Ga magangarar ruwa ta Matsirga a bayan gari. Ga ƙauyen Nok a ƙasar Jaba, inda masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu a 1928, waɗanda Bernard Fagg ya sanar da duniya su a shekarun 1940, wasunsu sun haura shekara 2,000 a ƙasa. Su waye suka ƙera su? Me ya sa suka huda musu ido haka? Ina suka tafi? Masana na ta bincike, amma marubuci ba ya bukatar jiran sakamakonsu, aikinsa ne ya cike gurbin da tunaninsa. Ga tsohuwar tashar jirgi da taragwanta da suka yi tsatsa, wadda ko ni da ba marubuci ba in na wuce ta da magariba sai in ji kamar akwai masu jiran jirgin da ba zai zo ba. D. O. Fagunwa ya yi wa dazuzzukan Yarbawa wannan aiki tun 1938. Tomi Adeyemi tana zaune a Amurka ta ɗebi gumakan Yarbawa ta gina littafin da ya zagaya duniya a 2018. Mu kuwa muna ta aron Bagadaza.

Sai kuma shalelen 'yan'uwana, wato littattafan gina kai, ko in ce na wa'azin arziki. Ana samun su a kowace tashar mota daga Kafanchan zuwa Kaduna, a shimfiɗe a ƙasa, bugun sata mai takarda kamar ta ƙunshin ƙosai. Ga wani abin lura: a 1937 aka buga littafi na farko na Magana Jari Ce, a shekarar ce Tolkien ya fito da The Hobbit, a shekarar ce kuma Napoleon Hill ya fito da Think and Grow Rich. Biyu daga cikin ukun sun fito fili sun ce ƙagaggun labarai ne. Na ukun ya ce shi gaskiya ne, wai attajirin nan Andrew Carnegie ne ya ɗora marubucin a kan binciken sirrin arziki, amma masu binciken tarihin Carnegie ba su sami wata shaida cewa mutanen biyu sun taɓa haɗuwa ba. To a cikin ukun wanne ne tatsuniya mai haɗari? Wadda ta fara da "ga ta nan ga ta nanku", ko wadda ta sa kwat da laƙatayi?

Babban abin da ya raba ni da waɗannan littattafai shi ne an ɗinka su ne daidai jikin wata ƙasa. Robert Kiyosaki a Rich Dad Poor Dad na 1997 yana kwaɗaitar da mai karatu ya yi amfani da bashi ya mallaki gidajen haya. Wane banki ne zai ba ɗan bautar ƙasa bashin sayen gida a nan? Ko ya bayar, a ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, kafin bankunan kasuwa su ɗora nasu. Shi kansa malamin, ɗaya daga cikin kamfanoninsa ya bayyana karyewa a gaban kotu a 2012. Amma wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi muni shi ne darasin da ke kwance a ƙarƙashin yawancinsu, cewa duk abin da ya same ka tunaninka ne ya jawo maka. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a, manoma suka wayi gari abin da suka zuba dukiyarsu a kai ya ruɓe a ƙasa, a shekarar da aka janye tallafin man fetur. Mutanen nan suna fita gona tun kafin alfijir. Wane marubucin Amurka ne zai zo ya gaya musu cewa ƙarancin kyakkyawan zato ne ya kashe musu citta? Saurayin da ya sha irin wannan karatu ya ƙoshi, in ya fita bai sami aiki ba, kansa zai tsana, maimakon ya tambayi abin da ya sa masaƙun Kaduna suka rufe ko jirgin garinsu ya daina kai da kawo yadda ya saba. Kuma ina zargin wannan ɗoki na arzikin dare ɗaya yana cikin abin da ya share wa MMM hanya a 2016, da ire-irensa da suka biyo baya.

Ba duka na haɗa na zubar ba. Gifted Hands na Ben Carson ya ƙarfafa wa yara da yawa gwiwa a makarantun yankinmu, kuma dalili shi ne labarin rayuwa ne, na yaron da uwarsa ta tilasta masa karanta littattafai har ya zama likitan ƙwaƙwalwa. The Richest Man in Babylon na 1926 shawararsa ita ce mutum ya riƙa ajiye kashi ɗaya cikin goma na abin da ya samu, abin da iyayenmu mata masu adashi suka daɗe da sani ba tare da sun je Babila ba, kuma shi ma da labarai ya isar da saƙonsa. Kun ga ke nan, waɗanda suka yi ƙarko a cikinsu sai da suka ari kayan aikin mai ba da labari. Mu kuwa muna da namu tun tuni. Littafi na uku na Magana Jari Ce gaba ɗayansa horo ne da Waziri Aku yake yi wa ɗansa Fasih kan yadda ake zama da sarakuna da mutane, kowane darasi da labarinsa. Almajiri yana da Ta'alimul Muta'allim, ɗan majami'a yana da Littafin Misalai. Bambancin kawai shi ne waɗannan ba su yi wa kowa alkawarin mota a cikin wata shida ba.

Wani zai ce, to malam, Ruwan Bagaja zai ba ni aiki? Ba zai ba ka ba. Shi ma wancan mai hoton attajiri a bango ba zai ba ka ba, wanda ya rubuta shi ne ya sami aiki da kuɗinka. Amma mu da muke wannan sashe, harshe shi ne jarinmu. Gidajen rediyo da masu shirya fina-finai da masu fassara da masu karanta littattafai a YouTube, duk wanda ya iya Hausa mai daɗi suke nema, kuma ba a koyon ta a littafin da aka rubuta a Kalifoniya.

Ina da roƙo guda ga shugabannin Ƙungiyar Hausa. A Makon Hausa mai zuwa, bayan kacici-kacici da wasan kwaikwayo da aka saba, a sa gasar gajeren labarin al'ajabi, da sharaɗi ɗaya: kowa ya kafa labarinsa a garinsu, da duwatsun garinsu da dodannin garinsu, kuma a buɗe ƙofa ga ɗaliban sauran sassa, ko Hausa ce harshen gidansu ko ba ita ba. A buga guda uku da suka yi fice a wannan mujalla. Ni na riga na kama tashar jirgin Kafanchan, kada wani ya taɓa mini ita.